Rana tana Garwa, wutar sola tana Jamus

Duk wanda ya san bazarar Garwa, a arewacin Kamaru, ya san ba rana muka rasa ba. A watan Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wutar lantarki ke ja da baya, wuta ta koma ta rabo, unguwa-unguwa. Tun 1982 madatsar nan take aiki, ƙarfinta megawat 72 ne kawai, yashi ya cika mata ciki, ga Garwa da Marwa da Ngaundare duk sun rataya a wuyanta.

A nan Jamus inda nake zaune, a lokacin sanyi sai a yi mako ba a ga rana da ido ba. Amma rufin gidaje cike yake da farantan sola, har ɗan haya na rataya nasa a baranda. A 2023 fiye da rabin wutar da ƙasar ta sha daga iska da rana da makamantansu ta fito. Ba don sun fi mu wayo ba ne. Tun shekarar 2000 suka yi doka cewa duk wanda ya samar da wutar sola, dole a sayi rarar da ya tura wa babban layin wuta, a kan farashi tsayayye na shekara 20. Da wannan alkawari banki ke ba mutum bashi ba tare da fargaba ba.

Mu kuwa a gida, tela ko mai sayar da ƙanƙara shi zai tara kuɗin faranti da batir da inbata gaba ɗaya, daga aljihunsa. Wa zai ba shi bashi? Shi ya sa yake komawa ga janareto da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, wanda shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023.

Wanda ya daure ya saya ma bai tsira ba. Ƙanwata ta sa sola a ɗakin ɗinkinta, batirin bai kai shekara ba ya kumbura, saboda an ajiye shi ƙarƙashin kwano cikin zafi, kuma jabu ne tun asali. Wanda ya haɗa mata ya bar wayoyi tsirara, ya tafi. Ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, babu wanda ya gaya mata a riƙa goge shi. Yanzu duk maƙwabtanta sun yanke hukunci cewa sola yaudara ce, kuma wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Na yi murna da tashoshin sola da aka gina a Marwa da Gidar, sun rage ɗauke wuta. Sai dai ƙauyen da babu turken lantarki bai san an yi su ba. Abin da nake so in gani shi ne bashin biya kaɗan-kaɗan ta wayar hannu, a tsare shigowar batura na jabu, a kuma koya wa samarinmu haɗa sola da gyaranta a makarantun sana'a na Garwa da Marwa.