Waƙoƙin kukan wariya ba gaba suke hurawa ba

Abin yana damuna idan na ji ana cewa rubutattun waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka a kan wariyar launin fata huce haushi ne kawai a kan fararen fata da masu hannu da shuni. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Waƙoƙin suna da zafi, cike suke da ambaton bauta da bulala da kisan gilla, kuma wanda ya tsinci baiti ɗaya zai iya ɗauka ƙiyayya ake koyarwa.

Sai dai akasarin mawaƙan da tsari suke faɗa, wato dokoki da al'adun da suka yanke wa mutum unguwar zama da makaranta da irin aikin da zai samu tun bai zo duniya ba. A jihohin kudancin Amurka doka ce ta raba jama'a har a motar haya da famfon shan ruwa, kotu ta soke wariyar motar haya a 1956, sai a 1964 aka yi dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a gaba ɗaya.

A duba wata waƙar Langston Hughes, mawaƙi baƙar fata ɗan Amurka, da ta fito a 1936, lokacin karayar tattalin arziki. Ya ari bakin mutane da dama: baƙar fata mai tabon bauta, ɗan asalin ƙasar da aka kora daga filinsa, baƙon da ya zo cirani, har da talaka farar fata da aka yaudara, kuma shi ya fara ambata. Da ƙin farar fata ne a ransa, ba zai sa shi a sahun waɗanda aka zalunta ba. A ganina abin da ya hango shi ne yadda ake raba ma'aikata da launi, alhali yunwarsu ɗaya, don kada su haɗa baki su nemi haƙƙinsu.