Gobe da nisa, da abin da na gani cikin kwalba a Kaltungo

Kaka ta kama. Daga Akko zuwa Billiri, Kaltungo har Balanga, yanzu ana roron wake ana cirar gyaɗa, kuma duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san lokacin ne igiyar ƙasa ta fi taɓa mutane. Shi ya sa na kasa yin shiru da na ga ana ta yaɗa hoton wani ƙullin gari a Facebook, wai wanda ya sha shi a kunu ya gama da maciji har shekara ta zagayo. Na daɗe ina riƙe da wannan magana saboda ta shafi mutanen da nake ganin girmansu. Yau dai zan faɗe ta.

Kaka biyu da suka wuce kububuwa, wadda muke kira gobe da nisa, ta sari ɗan Baffana a ƙauyenmu, can bayan Kumo. Yaro ne saurayi, ya sa hannu zai ɗaga tarin harawa da hantsi, ta same shi a bayan hannu. Aka ɗaure damtsen da kyallen zane, aka kai shi gidan wani dattijo da ya gaji maganin maciji daga mahaifinsa. Dattijon nan ba macuci ba ne, ina so a riƙe wannan. Bai taɓa yanka wa kowa farashi ba, abin da ka ba shi shi yake karɓa, kuma tsakar dare ka buga masa ƙofa zai fito. Ya yi tsaga uku, ya ɗora baƙin dutse, ya ba shi jiƙo ya sha ya yi amai.

Ni ina cikin Gombe, sai washegari da yamma aka kira ni. Baffa ya ce, "Ai da sauƙi, ya kwana lafiya, har ya sha kunu. Tunda ya ga gobe ai shi ke nan." Goggo ce ta karɓi wayar ta rage murya ta ce mini tsagar ba ta daina tsatsafar da jini ba tun jiya, sun canza tsumma sau huɗu, kuma in ya tofa miyau ja yake fitowa. Na ce, "Baffa, ku yi mini alfarma ɗaya, ku bar ni in kai shi Kaltungo, in ba komai gobe in dawo muku da shi." Ya yi jim, sannan ya ce, "To, amma kar a ce mun raina mai magani."

A asibitin masu sarar maciji na Kaltungo abin da aka fara yi ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Ma'aikacin jinya ya ɗebi jini kaɗan, ya zuba cikin wata 'yar kwalbar gilashi busasshiya, ya ajiye a kan tebur, ya duba agogo ya ce kar kowa ya taɓa. Bayan minti 20 ya karkata kwalbar a gaban idona. Jinin mai lafiya a wannan lokaci ya zama guda, ya manne. Na yaron nan ya gangaro kamar zoɓo. Ya ɗaga masa leɓe ya nuna mini dasashi, jini na fitowa ta tsakanin haƙora. Aka sa masa makarin dafi ta jijiya. Kafin awa ɗaya dasashin ya tsaya, da aka sake gwajin bayan awa 6 jinin ya daskare. Hannun ne ya daɗe yana ba shi wahala, kuma sun ce ɗaurin da tsagar sun ƙara masa.

Sunan da muka ba wannan maciji, gobe da nisa, yana cikin abin da ke yaudararmu. Mun ɗauka wanda ya kwana ya tsira. Dafin kububuwa ba ya aiki da gaggawa irin ta kumurci. Yana shiga jini ne ya cinye sinadaran da ke sa jini daskarewa, ya kuma raunana ƙananan hanyoyin jini. Mutum na zaune yana hira yana cin tuwo, jini na yoyo a cikinsa. Wasu sai kwana uku, wasu har mako, sannan ciwon kai mai tsanani ya zo saboda jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. A lokacin sai a ce ajali ne ya zo da wata lalurar, ba a ma lissafa shi cikin waɗanda maciji ya kashe.

Ga kuma lissafin da ya fi damuna, ina roƙon a karanta shi a natse. Likitocin da suka yi nazarin wannan maciji a Arewa sun nuna cewa in ba a yi allurar makari ba, yana kashe tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda dafinsa ya kama. Wato cikin mutum 10, ko ruwan randa kaɗai ka ba su, 8 ko 9 za su tashi. Ka haɗa da waɗanda macijin da ya sare su ba shi da dafi, da waɗanda aka sara dafin bai shiga ba. Duk waɗannan sun warke a hannun mai magani, sun kai masa kaza, suna ba da shaida har su mutu. Shi kansa mai maganin da zuciya ɗaya ya yarda garinsa ne ya yi aiki, don abin da idonsa ya gani ke nan shekara 40. Ɗaya ko biyun da suka rasu ba sa dawowa su ba da tasu shaidar. Da makari mai kyau kuwa, mace-macen kan sauko ƙasa da 2 cikin 100. Wannan tazarar ita ce 'ya'yan mutane.

Na san za a ce na zama ɗan boko mai raina gado. Wallahi ba haka ba ne, ni da sabara aka raine ni. Kuma masana ba su raina itatuwanmu ba. A shekarar 2000 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun wallafa gwajin da suka yi da ganyen sabara, suka ga ya rage ƙarfin dafin kububuwa da na gamsheƙa. An yi makamancin haka da ɓawon ɗorawa da saiwar gwandar daji. Amma a duba yadda aka yi na sabarar: an gauraya ruwan ganyen da dafin a cikin kwalba tukuna, sannan aka yi wa ɓeraye allura. A gona ba haka abin yake ba. Dafi ya riga ya shiga nama ya bi jini, ganyen kuma ta baki ya shiga yana cikin tumbi, wataƙila ma an amayar da shi. Ko za su haɗu, da wane ƙarfi, cikin minti nawa, wannan tambayar ce ba a amsa ba a jikin ɗan Adam. Binciken ya ce akwai abin dubawa a ganyen, bai ce a fasa zuwa asibiti ba. Baƙin dutse kuwa an gwada shi a kan dabbobi, bai zuƙo dafin da zai hana komai ba.

Akwai ma wanda nake jin tsoronsa, duman dutse, da wasu ke kira maɗacin ƙasa, wanda ake yawan sa wa a jiƙon maciji. Danginsa na ɗauke da wani sinadari mai lalata ƙoda. A farkon shekarun 1990 mata kusan 100 a Beljiyam suka samu mummunan ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka sa wani ɗan uwansa na ƙasar Sin a ciki, kuma an tabbatar sinadarin na jawo ciwon daji. Mai sarar maciji ƙodarsa tana cikin haɗari tun farko. Ɗacin abu ba ya nufin yana korar dafi.

Abin da nake so a yi da ilimin dattawanmu an taɓa yinsa a ƙasar nan. Rabaran Paul Ogunyale, mai maganin gargajiya daga jihar Oyo, ya kai haɗinsa na ciwon sikila cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, da yarjejeniya a rubuce. Masoro ne da kanumfari da wasu tsirrai biyu. Aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya, ya zama Niprisan. Harkar kasuwancinsa ta yi ta tangal-tangal daga baya, amma hanyar da aka bi ita ce daidai: sunan mai shi bai ɓata ba, kuma an san adadin da za a sha. Me zai hana Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere su zauna da masu maganin maciji na Tangale da Waja da Tula, a rubuta abin da ke hannunsu kafin su tafi da shi kabari, a tace mai amfani daga mai cutarwa, in an samu riba a ba su haƙƙinsu?

Don shi kansa dafin ya zama dukiya a hannun waɗanda suka zauna suka yi nazarinsa. Captopril da iyayenmu ke sha don hawan jini, daga binciken dafin wani macijin Barazil aka samo shi, ya shiga kasuwa a 1981. Tirofiban da ake sa wa masu bugun zuciya don kar jini ya yi guda a jijiya, an ƙera shi ne ta kwaikwayon wani sinadari na dafin kububuwar Asiya, 'yar uwar tamu. Makarin EchiTAb da ya ceci ɗan Baffana ma da macizanmu aka yi shi. An kwashe su daga Najeriya zuwa Libaful a Ingila aka tatsi dafinsu, aka riƙa yi wa tumaki allurarsa a Wales da dawaki a Kosta Rika har jikinsu ya samar da garkuwa, aka tace garkuwar aka zuba a kwalabe. A nan Kaltungo aka gwada nau'o'in biyu a kan mutum 400, sakamakon ya fito a 2010. Macijin namu, marasa lafiyar namu, tumaki da dawaki kuwa Gombe ba ta rasa su ba, amma har yau sai an jira jirgi ya kawo mana. Duk lokacin da ya yanke, kuma jaridu sun sha ruwaito yankewarsa, talaka ne ke komawa gidan tsaga ko ya faɗa hannun masu sayar da makarin da aka yi don macizan Indiya. A wani asibitin karkara a Gana da aka koma irin wannan makarin, mace-mace sun tashi daga ƙasa da 2 cikin 100 zuwa 12.

A 2025 an yi ta yaɗa labarin Ba'amurken nan Tim Friede, wanda ya bar macizai suka sare shi kusan sau 200 har aka samo garkuwa daga jininsa. Aiki ne babba, amma a kan ɓeraye aka gwada, kuma dangin kumurci da gamsheƙa ya shafa, kububuwa da kasa ba sa ciki. Wanda ni nake bibiya da zumuɗi wani ne da ba a cika maganarsa ba, unithiol. Tsohon magani ne na fitar da gubar ƙarfe daga jiki. Sinadaran dafin kububuwa masu fasa hanyoyin jini ba sa aiki sai da zinki, shi kuma wannan magani zinkin yake kamawa. Masana na Libaful sun nuna a 2020 ya kare ɓeraye daga dafin kububuwa in an ba su da wuri, sannan aka gwada shi a kan mutane masu lafiya a Kilifi ta Kenya aka ga jiki na ɗaukarsa. Kafso ne da ake haɗiya, ba ya buƙatar firji. Ka yi tunanin a ce yana ɗakin shan magani na kowane ƙauye, a ba mutum ya haɗiya kafin a ɗora shi a mashin. Har yanzu ba a tabbatar yana ceton wanda aka sara ba, don haka kar wani ya je kemis nemansa. Wani maganin na daban, varespladib, da aka gwada a Indiya da Amurka bai cika babban ma'aunin da aka sa masa ba, kuma masu binciken suka fito suka faɗa. Wannan halin nake so mu koya, a gwada abu a fili, in bai yi ba a ce bai yi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, ta kuma ɗauki burin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030. Wakilanmu a majalisa su sani, in akwai wurin da ya cancanci a kawo irin waɗannan gwaje-gwaje kuma a kafa masana'antar makari, to Kaltungo ne, inda marasa lafiya ke zuwa daga Taraba da Adamawa da Bauchi da Borno.

Kafin nan, in abin ya faru, Allah ya kiyaye, kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kar ya taka da ƙafarsa. In ciwo ya dame shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen da diclofenac, suna ƙara zubar jini. A yi addu'a da tofi a kan hanya, babu likitan da zai hana.

Makon jiya na kai gida takalman roba masu tsawo ƙafa shida da safar hannu ta fata. Na kuma je na gaida dattijon nan, na durƙusa na ba shi labarin kwalbar tun daga farko. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko gilashin na musamman ne, na ce a'a, tsabta da bushewa kawai ake so. Bai ce zai daina ba da jiƙo ba. Ya dai ce daga yanzu duk wanda aka kawo masa ya ga jini a dasashinsa, da kansa zai kira mai mashin. Na ce, "Baba, da za ku kira shi tun kafin jinin ya fito." Ya ce in bar shi ya yi tunani, in dawo bayan an gama sussukar dawa.