Kafin ka miƙa kuɗin tabalet a Yamai

Duk wanda ya tambaye ni wace ƙaramar tabalet zai saya don karatu da kallo, amsata ɗaya ce: ya nemi wadda rubutun kwalinta ba ya ba da mamaki. In ka ga an rubuta RAM jiga 16, ma'ajiya jiga 512, kyamara huɗu a baya, 5G, sannan mai shago ya ce, "Alhaji, kawo jika 40 ka ɗauka, har da alƙalami da abin kunne kyauta," to ka yi masa fatan kasuwa ka wuce. Galaxy Tab A9 da Samsung ya fitar a 2023, ƙaramin samfurinta RAM jiga 4 ne da ma'ajiya 64. Ta yaya wani kamfani da ko sunansa ba ka taɓa ji ba zai ninka RAM sau huɗu, ma'ajiya sau takwas, ya kuma karya farashi? Ba ninkawa ya yi ba, lambobin da na'urar ke nuna maka aka sauya. Ka shiga saitin ka ga 512 ɓaro-ɓaro, ka je gida ka zuba finafinai kaɗan ta ce ta cika. Kyamarorin nan ma sau da yawa ɗaya ce mai aiki, sauran ado ne.

Masu bitar na'urori a YouTube galibi suna zaune ne inda wifi ba ya ƙarewa, wuta ba ta ƙiftawa, ɗaki kuma da sanyi. Mu nan forfe muke saye muna lissafin mega, a watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, wuta kuma kowa ya tuna yadda aka sha a 2023 da Najeriya ta yanke wadda take turo mana. Don haka tambayar da ta dace da mu ita ce: in babu rezo, babu wuta, me wannan abu zai yi mini?

Shi ya sa nake fara duba ramin katin memwar kafin komai. Mafi yawan abin da muke kallo ba daga intanet muke janyo shi kai tsaye ba. A fada ake turo maka ta Xender, ko ka kai kati wurin masu zuba finafinai, ko ka sauke tafsiri da dare lokacin da forfe ke da sauƙi. Tabalet mai jiga 32 da ramin kati ta fi mini mai 64 da ba ta da shi, domin tsarin Android kansa yana cinye wani kaso tun kafin ka saka komai. Ka sa kati mai kyau, ka sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC, shi ke nan. Katin ma a kula, na jabu sun fi na gaske yawa a tebura.

Nan ne nake rabuwa da masu son tsohon iPad na okaziyo. Na yarda, yana da kyau a hannu, kuma in ka fito da shi a taro ana kallonka. Amma iPad bai taɓa zuwa da ramin kati ba. iPad mini na farko, na 2012, ya tsaya a iOS 9, wato tsohon tsarin Apple. Na biyu da na uku sun tsaya a iOS 12, manhajoji da yawa kuwa sun daina sauka a kansu. Ga kuma wanda mai shi na farko, can a Faransa ko Amurka, bai cire asusunsa na iCloud ba, ranar da aka goge shi ya kulle sai dai a ajiye. Fire na Amazon kuma arha ne da gaske, yana da ramin kati, sai dai ba ya zuwa da Play Store, kuma masu arhar cikinsu talla suke nuna maka a kan fuskar na'urar duk lokacin da ka kulle. Masu gyara suna iya saka masa Play Store. Wanda ba ya son wannan zirga-zirga ya bar shi.

Fuskar ita ce abin da zan daɗe a kai, don ita idonka zai zauna da ita. Kallo ba ya wahalar da kowace fuska, karatu ne ke tona asiri. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni darussansa PDF ne masu girman takardar A4. Almajirin ilimi kuma littattafan da yake samu hotunan shafuka ne na tsohon bugu, matani a tsakiya, sharhi da ƙananan haruffa a gefe. A kan fuska mai inci 7 da ɗigon hoto 1024 da 600, irin na Fire 7, shafin ba ya karantuwa sai ka buɗa shi da yatsu biyu, ka ja dama, ka ja hagu, layi ya ɓace maka, ka rasa fataha ce ko damma a kan harafin. Awa ɗaya a haka, kai ya ɗau ciwo. Inci 8 zuwa 9 shi ne daidai: Tab A9 da Redmi Pad SE ƙarama duk inci 8.7 ne da ɗigo 1340 da 800, Lenovo Tab M9 inci 9 da ɗigo iri ɗaya. Suna shiga aljihun babbar riga, hannu ɗaya yana riƙe su a kwance. Kada girma ya ruɗe ka. Mai inci 10 ta arha yawanci ɗigo 1280 da 800 ne aka shimfiɗa a faffadan wuri, kamar kunun mutum biyu da aka ƙara wa ruwa don ya ishi biyar.

Gwajin ba wuya. Tafi da PDF ɗinka a waya, wanda ka san yana ba ka wahala, ka ce a tura a buɗe. Karkata tabalet ɗin gefe, ka karkata ta sama: in launi ya juye, baƙi ya koma toka-toka, fuskar ta banza ce, kuma yara uku ba za su iya kallo tare ba. Ka fita da ita bakin shago ka ga ko rana ta bar maka wani abu. Ka rage hasken har ƙasa, domin mai karatu bayan isha'i a duhu ya fi buƙatar fuskar da ke dusashewa sosai a kan mai ƙyalli. Mai shagon da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ga wani shagon a gaba. Babbar Kasuwa ba ta mutum ɗaya ba ce.

Batir kuwa, Tab A9 da Tab M9 suna da 5100 mAh, Redmi ɗin 6650. Kowanne zai kai ka yini in karatu ne. Abin da ke kashe batir a garin nan zafi ne. Apple da kansa ya rubuta cewa iPad a yi aiki da shi tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa inuwarmu ta wuce haka a bazara. Kada a bar ta cikin mota ko akwatin babur, kada a yi caji a kan katifa ana kallo. Ka tabbata ramin cajin USB-C ne, don cajar wayarka ta wadatar.

Batun mai SIM, ni ban ga dalilin ƙarin kuɗin ba. Layinka na Airtel ko Moov ko Zamani yana cikin waya, ka raba mata intanet in buƙata ta taso. In ta yara ce ma, rashin SIM ɗin rahama ne. Sai dai mai yawan tafiya, irin wanda ke hanyar Tahoua ko Konni kowane mako, shi yana da uzuri.

Kafin ka biya, ka leƙa wurin mai gyaran waya, ba mai sayarwa ba, ka ce, "Malam, in gilashin wannan ya fashe kana samunsa?" Zai faɗa maka gaskiya, don shi ne ake kai wa gawarwakin. Na Samsung da Lenovo ana samu ko a yi odarsu. Marasa sunan nan kuwa, za ka gan su jibge a ƙarƙashin teburinsa, masu su sun gaji da zuwa tambaya. Abin da ya rage a kuɗin ka sayi riga mai kauri da gilashin kariya, ka kuma sa mai shago ya rubuta maka lambar na'urar a kan takardar saye.