Bakin tekun Dakar: inda mai allo ke murna, nan mai iyo zai yi hattara

Wani ƙanena da zai je Dakar taro ya turo mini saƙo jiya da daddare. Ya ce, "Yaya, wane bakin teku ne ya fi kyau a garin? Ina so in ɗan yi iyo, in kuma gwada hawan igiyar ruwan nan da nake gani a bidiyo." Na soma ba shi amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na kawo ta nan. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya wuce abinsa.

Tambaya biyu ya ƙulla wuri guda, amsoshinsu kuma ba sa ga maciji da juna. Mai hawan igiya, wato mai tsayawa a kan allo ruwa ya ɗauke shi, abin da yake nema shi ne teku mai fushi, igiya mai tsayi wadda ke karyewa a kan dutse ko tudun yashi. Mai iyo kuwa lungu yake so, inda wani abu ya tare masa ƙarfin ruwan. Duk wanda ya nuna maka wuri ɗaya a Dakar ya ce ya fi ko'ina kyau ga su biyun, ko dai bai taɓa shiga ruwan ba, ko kuma yana da ɗakin haya a kusa.

Sai an fahimci zaman garin kafin a fahimci ruwansa. Dakar na kan wani hancin ƙasa ne da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ta gefe uku. Ƙarshen hancin, wurin da ake kira Almadi, nan ne iyakar yammacin nahiyar Afirka in aka cire tsibirai. Saboda wannan zama, igiya na zuwar wa garin daga arewa, tana kuma zuwa daga kudu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, guguwar hunturu da ake yi can arewacin Atlantika ita ke turo manyan igiyoyi. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma na kudu ne ke isowa. Idan iska ta ɓata ruwa a wannan gefe, sai mai allo ya ɗauki kayansa ya koma wancan, tafiyar 'yan mintoci a tasi. Garuruwan da Allah ya ba irin wannan a Afirka ba su da yawa.

In fara da Ngor, domin nan zuciyata take. Tsohon ƙauyen masunta ne na ƙabilar Lebu, birni ya zo ya same shi ya kewaye shi. Gabansa akwai ɗan tsibiri, tsakaninsu 'yan ɗaruruwan mita, kwalekwale kan tsallaka da mutum cikin kamar minti biyar. Tsibirin nan shi ne katangar da ta tare teku. Tsakaninsa da ƙauyen ruwa kwance yake, yara na wasa, tsofaffi na jiƙa ƙafa. A gefen tsibirin da ke kallon gari akwai ƙananan rairayi guda biyu, kuma a wurina babu inda ya fi su dacewa da wanda iyonsa bai yi ƙarfi ba. Aibinsu cunkoso. Ranar Lahadi a lokacin zafi, wurin shimfiɗa tabarma ma sai ka biya, kuma sai ka lura da kwalekwalen da ke kai da komo, don injinsa ba ya sanin kan mutum.

Yanzu ka taka ka zagaya bayan tsibirin. Tafiyar minti goma ce ko ƙasa da haka, amma kamar wata duniya ka shiga. Nan ne igiyar da ta fitar da sunan Senegal take, wadda masu hawa ke ce wa Damar Ngor, saboda hannun daman mai hawa take karyewa. Wasu Amurkawa biyu, Mike Hynson da Robert August, sun hau ta a fim ɗin The Endless Summer da ya fito a 1966, tun daga nan baƙi ke zuwa nemanta. Ƙarƙashinta ba yashi ba ne, baƙin dutse ne na aman wuta, a kansa kuma bushiyar teku ce jingim, wata halitta mai kamar ƙwallo da ƙayoyi baƙaƙe. Ka taka ta, ƙayar ta karye a cikin tafin ƙafa, ka kwana uku kana hira da allura. Na taka, ba labari aka ba ni ba. Wani dattijo masunci da ya ga ina ɗingishi bai ko tambaye ni abin da ya faru ba, ƙafata kawai ya nuna, ya nuna takalmin robar da ke ƙafarsa, ya ci gaba da gyaran komarsa.

To ka gani, tsibiri ɗaya ne, gaba na masu iyo, baya na ƙwararru. Wanda ya rikita su ya shiga uku.

Abin da ya fi burge ni a Ngor shi ne wasan ya daina zama na baƙi. 'Ya'yan masuntan da ke kallon Turawa daga kan dutse su ne gwanaye yanzu. Cherif Fall, wanda ya sha ɗaukar kambun ƙasar, ɗan Ngor ne. Khadjou Sambe, mace ta farko a Senegal da ta mai da hawan igiya sana'a, 'yar Lebu ce daga nan, tana kuma koya wa 'yan mata. A 2019 hukumar gasar hawan igiya ta duniya ta kawo gasarta Dakar, karo na farko a Afirka ta Yamma. Yaron da ya tashi yana tura kwalekwalen ubansa cikin igiya tun yana ɗan shekara bakwai, ai ba allo ne zai ba shi tsoro ba.

Sai Yof, kuma a nan nake so ƙanena ya buɗe kunne. Yof ne farkon dogon rairayin da ya miƙe arewa har zuwa wajen birnin Sen Luwi, fiye da kilomita 150 na yashi. Ga mai koyon hawa, ban san wuri kamarsa a Dakar ba. Ƙasan yashi ne, in ka faɗi ba abin da zai yanke ka, igiyar kuma takan karye ta zama farin kumfa mai turo allo a hankali, malamai ga su nan da allunan haya. Yawancin wanda ya fara tsayawa a kan allo a garin, a Yof ko a Biraj ya fara, wani ɗan rairayi kusa da tsohon filin jirgin sama.

Amma wannan yashin da ke yi wa mai koyo daɗi shi ne ke haifar da abin da ke cin masu iyo. Ga yadda yake. Igiya na ta jibga ruwa a gaɓa, ruwan kuma dole ya koma. Sai ya nemi inda tudun yashin ƙarƙashi ya tsage, ya tattaru ya bi ta nan da gudu, kamar kwata bayan ruwan sama. Gudun wannan magudana kan wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya idan ta yi ƙarfi. Zakaran iyo na duniya, a tseren mita 50, da kaɗan ya fi haka, shi ma na daƙiƙa ashirin da 'yan kai. Mugun abin shi ne kamanninta. Dama da hagu igiya na karyewa da kumfa da ƙara, tsakiya kuma ga wani fili lumui, ruwansa ya ɗan fi duhu. Baƙo na zuwa sai ya ce ga inda ya fi lafiya. Nan ne bakin ramin. Mai allo da gangan yake shiga cikinta ta kai shi waje ba wahala, kamar ya hau mota kyauta, domin yana kwance a kan abin da ba ya nutsewa, an kuma ɗaure masa shi a ƙafa. Mai iyo ba shi da komai sai hannuwansa da numfashinsa.

Shi ya sa ganin masu allo a ruwa ba shaidar lafiyar wuri ba ce. Sau da yawa ma akasin haka yake nufi.

Mu da muka koyi iyo a rafi da kududdufi mun fi kowa shiga wannan tarko, saboda muna ganin mun iya. Mun iya ɗin, amma ruwan da muka sani ko dai a tsaye yake ko gefe guda yake tafiya, kana ganinsa. Gwanin ruwa shi ruwa kan ci, in ji mutanenmu, kuma a teku na gane dalili: wanda bai iya ba a gwiwa yake tsayawa. Idan magudanar ta ɗauke ka, ba ƙasa take jan ka ba, waje take yi da kai. Abin da ke kashewa shi ne kokawar komawa ta inda ka fito har ƙarfi ya ƙare. Ka kwanta rigingine, ruwan gishiri ya fi na rafi ɗaukar jiki, kusan giram 35 na gishiri ke cikin kowace lita. Ka ɗaga hannu a gan ka. In da sauran ƙarfi, ka yi iyo a kaikaice, kana bin tsawon gaɓa, domin yawanci magudanar ba ta da faɗi, kana fita daga cikinta igiya za ta taimaka ta maido ka. Can gaba da Yof, wajen Gejawai da Malika, hukuma ta haramta wanka a wurare da dama, amma duk shekara in zafi ya yi sai an yi jana'izar matasa. Allah ya jiƙansu. Allon hani da jar tuta ba ado ba ne.

Wani abu game da Yof da ba ruwansa da igiya: garin 'yan ɗariƙar Layen ne, hubbaren shehinsu Seydina Limamou Laye, wanda ya rasu a 1909, yana nan a bakin ruwa. Kusa da wurin a sa sutura ta mutunci, ba sigari, ba giya. Mu wannan ba zai yi mana wuya ba. In ka je da safiyar Lahadi kuma za ka tarar ana yi wa raguna wanka a teku, musamman in Babbar Sallah ta gabato, ga 'yan kokawa na tsallen kwaɗo a yashi, ga amalanken doki na kwasar kifi daga kwalekwale. Ni wannan kallon ya fi mini iyon ma.

Wakam kuwa don ido ne. Wani lungu ne ƙarƙashin tuddan Mamel guda biyu, ɗaya ɗauke da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1864, ɗaya da katafaren gunkin Farfaɗowar Afirka da aka buɗe a 2010. A ƙasa, dab da ruwa, ga masallaci mai dogayen hasumiyoyi biyu da aka kammala a 1997. Igiyar Wakam ba kullum take tashi ba, sai teku ya cika ya batse, amma ranar da ta tashi, gwanayen garin duk nan suke taruwa. Kai dai ka yi sallarka, ka sami dutse ka zauna, ka sha kallo. Haka wuraren da ke gefen kudu na Almadi, dutse ne da bushiya, gidajen cin kifi a sama, ƙwararru a ƙasa.

Mai son iyo na gaske, ba jiƙa jiki ba, ya koma gefen da ke kallon kudu da gabas, inda hancin ƙasar ya ba igiyar arewa baya. Akwai Ans Barnar, ɗan lungu a tsohon gari. Akwai kuma tsibirin Gore, tafiyar kamar minti 20 a jirgin ruwa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1978 saboda tarihin cinikin bayi. Ɗan rairayin da ke gefen mashigar jirgi ruwansa kwance ne, har gasar iyo ake yi duk shekara daga Dakar zuwa tsibirin. Sai dai in faɗi gaskiya, ni ban iya fitowa daga Gidan Bayi, gidan tarihin cinikin da ke tsibirin, in tuɓe in faɗa ruwa ba. Wanda zai iya, ya fara da iyon.

Kada kwanciyar ruwa ta ja ka zuwa Han. Lungu ne babba, lumui, wanda dattawan garin ke ba da labarin farin yashinsa, amma shekaru da yawa ƙazantar masana'antu da ta gidaje na kwarara cikinsa. Ana aikin tsabtace shi, ni dai ba yanzu ba. Ko a sauran wuraren ma, in an yi ruwan sama mai yawa a Agusta ko Satumba, a ba teku kwana biyu, don duk abin da ke kwatocin birni can yake ƙarewa.

Saura maganar sanyi, wadda ke ba kowa mamaki. Mutum na ganin Afirka ta Yamma ce, ruwa zai yi ɗumi. A Fabrairu da Maris yakan sauka wajen digiri 20, saboda wani ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari, ga iskar arewa da ke ture ruwan da ke saman teku, na ƙasa mai sanyi ya taso. Masu hawa har rigar roba suke sawa. Wannan sanyin ne kuma ke tara kifin da ake dafa cebujen, wato shinkafa da kifi irin ta Senegal, da shi, don haka ba na ƙorafi. A Satumba da Oktoba ruwan kan kai digiri 28, lokacin mai iyo ke nan. Ka ga ko a kalanda ma ba su haɗu ba: watannin manyan igiyoyin arewa da mai allo ke jira su ne mai iyo ke rawar ɗari.

Don haka ƙanena, tun da a Oktoba za ka, ga yadda zan yi in ni ne kai. Safiyar Asabar ka je Yof, ka ɗauki malami ɗan gari, ka yi ciniki kafin ka taɓa allo, kuma kada ka wuce inda ruwa ya kai maka ƙugu, ko da ka ga yara 'yan shekara goma can ciki suna yi maka dariya. Iyon kuma ka bar shi sai Litinin a Ngor, gefen da ke kallon gari, lokacin da jama'a suka koma aiki. Ka riƙe canjin sefa na kwalekwale, ka sa rigar ceton da za su miƙo maka ko da jiƙaƙƙiya ce. Kafin ka tsallaka, ka tsaya ka sayi takalmin roba irin na dattijon nan.