Ragona a hannun hukuma

Ni na kawo shawarar, kuma har gobe ina nan a kan cewa shawara ce mai kyau. Awaki nake nufi. Duk wanda ya je taron nan ya san awaki nake nufi.

Garinmu ɗan ƙarami ne a bakin teku, tsakanin Cape Coast da Takoradi. Fanti su ne masu gari da jiragen kamun kifi, mu 'yan zango muna can bayan tashar mota da namanmu da tiredarmu. Uwargidana koko da ƙosai take sayarwa, kullum akwai wake ko gero a shanye a ƙofar gida. Maƙwabciyarmu kuwa, wata Hajiya, tana da awakin da suka fi ni sanin lokacin da ake shanyar. Na yi magana, na aika, na kai ƙara gun Sarkin Zango. Amsarta ɗaya ce: dabba ba ta da hankali, a yi haƙuri.

Sai ɗan majalisar unguwarmu ya kira taro a ƙofar masallaci. A nan Ghana tun 1988 ake da waɗannan majalisu na ƙananan hukumomi. Mu muke zaɓen kashi 70 cikin 100 na wakilan duk shekara huɗu, ba da sunan jam'iyya ba, sauran kuma shugaban ƙasa ke naɗawa, har da shi kansa shugaban ƙaramar hukumar. Namu a watan Disamba na 2023 muka zaɓe shi, tun ranar kuma ba mai kiran sunansa na yanka, sai Onarabul. Maganar kwata ya zo da ita, da sharar ranar Asabar ta farkon wata. Ni kuwa na miƙe cikin babbar rigata, na gyara murya, na ce tsabta ba za ta yiwu ba muddin dabbobi na yawo sakaka a gari. A kama su, a ci tarar masu su, kowane ne, ko da ɗan sarki ne. Aka tafa. Ina magana ina satar kallon ɗan Hajiya. Onarabul ya ce ai dokar tana nan a rubuce tuntuni, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba majalisa ikon yin irinta, masu kamun ne kawai babu. Ya rubuta sunana a littafinsa, wai don tarihi.

Masu kamu kuwa aka samo su cikin sauƙi. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce, suna zaune a bakin ruwa suna ɗinkin taru. Sai aka ɗauki samarinsu haya, aka haɗa su da mai duba-gari guda, wanda muke kira tankas, da aboboya mai ƙafa uku ta kwasar kaya.

Ni a lokacin na sayi ragon layya, fari mai baƙin kai, daga hannun fataken da ke sauko da su daga Burkina Faso. Kuɗin da na tara tun bayan azumi ne. Ranar Talatar farko ta fara aikin, autana ya ce zai kai shi teku ya wanke shi, kamar yadda yara ke yi. Ya wanke shi tas, ya ɗaure shi a jikin wani tsohon kwale-kwale, ya shiga ƙwallo. Rago ya ci igiya, ya bi hanci har kasuwa, ya tsaya gaban teburin wata mai ganyen gwaza ya fara aiki.

Ina shago aka zo aka ce in fito in ga abin da shawarata ta haifa. Na fito da murna, na ɗauka awakin Hajiya ne. Na tarar da kasuwa ta yi da'ira. Wani ƙaton saurayi ya naɗe wando, ya karkace kafaɗa, ya wurga birgi, wato ragar kamun kifi, sama, ta buɗe ta sauko a kan ragona. Mutum huɗu suka ja shi yana birgima yana kuka, ganye a bakinsa bai ma saki ba. Da suka ɗora shi a aboboya sai suka ɓarke da waƙar jan taru, mata na guɗa. Na kutsa na ce nawa ne. Tankas ya dube ni ya washe baki: "A'a, Alhaji! Kai ne na ko da ɗan sarki ne? Sannu da ƙoƙari."

Na bi su a ƙafa har ofis. Na ce masa a taro awaki na faɗa. Ya buɗe wata takarda da ta sha jiki, ya bi layi da yatsa: awaki, tumaki, shanu, aladu. Na ce rago na ibada ne. Ya ce dokar ba ta tambayi addinin dabba ba. Ya tura ni wajen mai karɓar kuɗi.

A nan aka yi ta. Matar ta tambayi sunana, ta jawo wani littafi mai kauri, ta lashi yatsa. Ashe tarar rago ita ce ƙaramar magana. Lampo, wato kuɗin kai, akwai saura. Harajin gida akwai saura. Takardar izinin shago ta ƙare. Ta ce ba za ta rubuta rasit na rago ba sai an share na baya, kuma kowane kwana da ya yi a hannunsu akwai kuɗin ciyarwa. In an daɗe ba a zo ba, gwanjo za a yi. Ina juyowa na ga wani mahauci ɗan unguwarmu jingine da bango, wai inuwa yake sha.

Na roƙa a nuna mini inda aka ajiye shi. Wani shinge ne a bayan ofis, da buhunan siminti a gefe. Ragona na kwance yana tuƙa, hankali kwance, a gefensa kuma wata ƙatuwar alade da aka kamo daga unguwar bakin tafki ta ɗora kai a kan cinyarsa tana barci.

Na kira Onarabul. Ya ce yana wajen jana'iza, kuma hannunsa a ɗaure yake, don shugaban ƙaramar hukuma ya ji daɗin aikin ƙwarai, shi kuwa daga Accra aka naɗo shi, ƙuri'ata ba ta dame shi ba. Ya ƙara da cewa in na biya da wuri zan zama abin koyi. Na wuce wajen Liman da tambayar alade. Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa, da ƙyar ya iya cewa layya ta yi, a dai sake yi masa wanka. Kafin la'asar labari ya gama zango. Yara na bina suna kukan rago, masu shayi na tashi tsaye in na wuce suna cewa ga mai doka nan.

Na ci bashi na biya, lampo da komai. Da na lissafa, abin da na zuba ya isa sayen wani ɗan madaidaicin rago. Na jawo shi gida da sabuwar igiya mai kauri, Hajiya na zaune a ƙofarta ta ce, "Barka da arziki, Alhaji. Ai dabba ba ta da hankali."

Awakinta kuwa ko ɗaya ba a taɓa kamawa ba. Gari duka ya san kamu sai Talata, saboda haka daren Litinin take kulle su, ta sake su da asubar Laraba da yunwar kwana guda, su miƙe sai kan wakenmu. Na sami Onarabul na ce a riƙa sauya ranar. Ya ce sauran ranakun masu kamun suna cikin teku, amma shawara ce mai ma'ana, in kawo ta a taro mai zuwa. Uwargida da ta ji haka ta kulle babbar rigar a akwatinta, ta ce ranar da na sake miƙewa a gaban jama'a, in nemo ta gidansu a Kumasi.