Fam takwas nake biya don in koyi tsugunno

Shekara shida ke nan ina Leeds ta ƙasar Ingila, aikina zama gaban kwamfuta tun safe har duhu. Bara bayana ya fara riƙewa, likita ta ce in nemi motsa jiki mai sassauta gaɓoɓi, sai na shiga ajin yoga a wani zauren unguwa, fam takwas duk Asabar. A sati na uku malamar ta ce yau za mu koyi wani zama mai suna malasana. Ta ware ƙafafu, ta sauka ƙasa a hankali, ta haɗa tafukan hannu a ƙirji, ta tokare gwiwoyinta da gwiwar hannu. Dariya ta kusa ƙwace mini. Ashe tsugunno ne aka raɗa wa suna da Sanskrit, tsohon harshen Indiya!

Na ce a raina yau Turawan nan za su ga ɗan Kano. Ina sauka, dugadugaina suka ɗage, agarata ta ja kamar za ta tsinke, na yi baya na zauna daɓas a kan tabarmar roba. Wata tsohuwa a gefena, kanta fari fat, tana tsugune abinta ko gezau. Malamar ta naɗo tawul ta cusa mini ƙarƙashin dunduniya, ta ce idon sawuna ne ya sandare, kuma yawan zaman kujera da takalmi mai tudun dunduniya ne ke jawo haka. Ni da na tashi ina alwala da buta a tsugune, ina gaida Baba a tsugune, ina cin tuwo a tsugune da ƙannena gefen akushi ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda muke kallon tsugunno a gida. Da mutum ya samu ɗan rufin asiri, sai ya fasa masan tsugunno ya sa na zama, ya jera kushin a falo, kujera 'yar tsugunno ta koma ta mai aiki. Mun ɗauke shi alamar talauci ko ƙauyanci. Indiyawa kuwa sun ba kowane motsi suna, sun tsara yadda ake koyar da shi, har Firaministan Indiya Narendra Modi ya kai maganar yoga Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, aka ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya. Ba na jin haushinsu ko kaɗan. Sun ga daraja a abin da muke zubarwa.

Amma kada in cika baki, akwai abin da na koya wanda ba mu da shi. Tsugunnon gida a rankwafe muke yinsa, ƙeya a dunƙule, hankali na kan aikin hannu. A malasana ana miƙe ƙashin baya, a buɗe ƙirji, a ja numfashi ta hanci a hankali kamar sau biyar zuwa goma, sannan a tashi. Wannan miƙewar ce ta fi yi wa ƙuguna magani. Mai ciwon gwiwa dai ya fara tuntuɓar likita, domin wannan zama na ɗora wa gwiwoyi nauyi sosai.

Wasu abokai sun yi mini tsiya cewa na shiga addinin Hindu. Maganar ba ta rasa tushe, don ko majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da wuridin bauta a 2008. Ni dai in aka zo jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, ko rera om, sautin da 'yan Hindu ke ɗauka mai tsarki, sai in koma gefe in sha ruwa. Tsugunno kuwa ban ga wanda zai ce na wani addini ne ba.

Yanzu wata bakwai, na cire tawul, dunduniyar dama ta taɓa ƙasa, ta hagu saura kaɗan. Ran Lahadi na kira Inna ta bidiyo, na same ta tsugune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, ga ta ta haura sittin. Na jingine waya na nuna mata abin da na iya. Ta yi shiru tana kallona, can ta ce, "To sai kuma me ake yi in an tsuguna?" Na ce shi ke nan, Inna, numfashi ake yi. Ta tambayi nawa ne fam takwas a naira. Na ce intanet ɗin na yankewa.