Khanh Phong bai je Paris ba, amma ku dubi abin da ya yi a kan zobba

Jama'a, yana damuna yadda muke auna ɗan wasa da gasar Olamfik kaɗai. In bai je ba, shi ke nan, kamar bai taɓa yin komai ba. Wannan ma'auni ba ya yi wa irin su Nguyen Van Khanh Phong adalci, matashin nan ɗan jimnastik daga birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, wanda bai samu zuwa gasar Olamfik ta Paris a 2024 ba.

Jimnastik na maza fanni shida ne, shi kuwa zobba ne gidansa. Zobba biyu ne rataye da igiya, kusan mita uku daga ƙasa. Mutum zai kama su, ya miƙe hannuwansa dama da hagu, jikinsa na tsaye a iska, babu abin da ke riƙe da shi sai kafaɗa. Dole ya daskare a haka daƙiƙa biyu cur. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, alƙalai su zaftare maki. Igiya ta yi lilo, su zaftare. Ya diro ƙafa ta gusa taku ɗaya, nan ma haka. Wanda bai sani ba sai ya ga kamar hutawa yake a sama, alhali jijiyoyin wuyansa duk sun fito.

A gasar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya ta 2022 a Hanoi, Carlos Yulo na Filifin ne ya ɗauke zinaren zobba, a gaban 'yan Biyetnam, a gidansu. Shekara na zagayowa aka haɗu a Kambodiya, Khanh Phong ya ƙwace zinaren, Yulo ya koma na biyu. Yulon nan fa shi ne ya ci zinare biyu a Paris a 2024.

Na ji masu cewa ai zobba ba nan ne ƙarfin Yulo yake ba. Gaskiya ne. To sai su dubi birnin Hangzhou na ƙasar Sin, gasar Asiya ta watan Satumban 2023. Lan Xingyu na Sin, zakaran duniya na zobba a 2021, shi kaɗai ya sha gabansa. Khanh Phong ya ɗauki azurfa, ɗan Japan ya biyo bayansa. A nahiyar da Sin da Japan suka mamaye wannan wasa shekara da shekaru, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Batun Paris kuwa, ƙofar ce ke da ƙunci. Ƙasar da ba ta samu gurbin tawaga ba, gwaninta na fanni ɗaya, in bai samu gurbi a gasar duniya ta 2023 ba, sai ya bi ta gasannin Kofin Duniya na 2024 a Alƙahira, Cottbus, Baku da Doha, inda mutum biyu kacal aka ɗauka a kowane fanni, daga duniya baki ɗaya. Bai samu ba, kuma na ji masa zafi. Amma ina roƙon masu rubuta labarin wasanni, in za ku ambaci sunansa, ku fara da Kambodiya da Hangzhou tukuna.